Biyetnam: Babur Ya Zama Ɗan Gida, Waya Har Yanzu Baƙuwa Ce

Duk inda aka zauna muhawara kan yadda matalauciyar ƙasa za ta tsayar da masana'antu, ba a jimawa sai wani ya jefo sunan Biyetnam. Mai son a buɗe kasuwa ya ce ga ta nan, ta saki gurguzu ta kira masu jari, ta yi arziki. Mai son gwamnati ta riƙe linzami shi ma ya ce ga ta nan, jam'iyya ɗaya ke mulki har gobe, manyan kamfanoni kuma na hannun hukuma. Dukkansu adadi ɗaya suke kafa hujja da shi. A 1986 kayan da ƙasar ta sayar a waje ba su kai na dala biliyan 1 ba, a 2024 sun haura na biliyan 400. A farkon shekarun 1990 kusan mutum 7 cikin 10 na masu aiki a gona suke, yau ba su kai 3 ba.

Ban musa ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma ba. Abin da nake musu a kai shi ne a ɗauke su a matsayin ma'aunin ƙarfin gogayya. Adadin kayan da suka fita ta tashar Hai Phong yana gaya maka kwali nawa aka loda a jirgi. Ba ya gaya maka wanda ya ƙera abin da ke cikin kwalin, ko wanda ya zana shi, ko kuma abin da zai rage a ƙasar ranar da mai kamfanin ya kwashe injinansa ya koma inda lebura ya fi araha. In aka bi masana'antun Biyetnam ɗaya bayan ɗaya da wannan tambaya, za a ga wasu sun yi saiwa, wasu suna zaune ne kamar 'yan haya, wasu kuma gwamnati ta shayar da su har suka mutu a hannunta. Kuma dalilin bambancin ba ya goyon bayan ko ɗaya daga cikin masu muhawarar nan biyu yadda suke so.

Sai an fara da ciki kafin a zo ga inji. Bayan an haɗe Arewa da Kudu a 1976, an shimfiɗa tsarin Tarayyar Sobiyet a ƙasar baki ɗaya. Gwamnati ke yanka farashi, ita ke faɗa wa masana'anta abin da za ta ƙera da yawansa, ita ke raba shinkafa da nama da yadi da kati. Manaja ba ruwansa da ko kaya sun sayu, abin da za a tambaye shi kawai ko ya cika adadin da aka rubuta masa. A 1985 aka yi yunƙurin gyara farashi da albashi tare da canza takardun kuɗi, sai abin ya ƙara dagulewa, hauhawar farashi ta wuce kashi 700 cikin 100 a 1986. A watan Disambar shekarar ne babban taron jam'iyya na shida ya amince da sauyin da ake kira Doi Moi, aka ɗora Nguyen Van Linh a kan jagoranci. A 1988 aka mayar wa iyalai gonaki su noma su sayar da kansu. Shekara ɗaya bayan haka, ƙasar da ake fama da ƙarancin abinci a arewacinta ta fitar da shinkafa kusan tan miliyan 1.4. A 1989 ɗin aka saki yawancin farashi, aka matso da canjin hukuma kusa da na kasuwa, aka ɗaga kuɗin ruwa don a kashe hauhawar farashi. Tallafin Sobiyet ya ƙafe. Kamfanonin gwamnati sun ragu daga wajen 12,000 zuwa kusan rabin haka a tsakiyar shekarun 1990, aka sallami ɗaruruwan dubban ma'aikata.

Wannan magani mai ɗaci ne, kuma duk wanda ya rayu zamanin SAP, wanda Babangida ya ƙaddamar a wannan shekara ta 1986, ya san ɗanɗanonsa. Amma a Biyetnam wanda aka sallama daga masana'anta ya tarar da ƙauye yana farfaɗowa, ya samu inda zai faɗa. Manomin da ya sayar da shinkafa ko kofi ya samu rara a hannu. Kuma abu na farko mai tsada da ransa ya biya shi ne babur.

A nan labarin da ya fi burge ni yake. A shekarun 1990, Honda Dream da ake shigowa da shi daga Tailan shi ne alamar wanda ya samu, kuɗinsa ya kai dala 2,000 ko fiye, abin da talaka zai yi shekaru yana tarawa. Honda ta kafa masana'anta a lardin Vinh Phuc kusa da Hanoi, tana harhaɗawa tana sayarwa da tsada, hankalinta kwance, don ba ta da abokin karawa na gaske. Sai ga baburan Chaina daga birnin Chongqing, irin su Lifan da Loncin, ana shigo da su a wargaje, gomman ƙananan kamfanonin gida suna ɗaurawa. Kamanninsu na Honda ne sak, wasu har sunan suka kwaikwaya, farashi kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Zuwa 2001 sun cinye mafi yawan kasuwar, kason Honda ya zube. Masu shekaru a cikinmu za su tuna cewa kusan a lokacin ne irin waɗannan babura suka cika titunan Kano da Kaduna, ɗan acaɓa ya samu abin da zai iya saya. Guguwa ɗaya ce ta kaɗa ƙasashen biyu.

Abin da ya biyo baya a Biyetnam shi ne abin lura. Gwamnati ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba, amma ta ɗaure harajin shigo da sassan babur da yawan abin da ka saya a cikin gida: in ka ƙara kason sassan gida, harajinka ya sauka, in ka dogara da na waje, ka biya da yawa. Da aka gano masu ɗaura baburan Chaina suna ƙarya a kan wannan kaso, aka bi su da bincike. Honda kuwa ta ga in ba ta sauko ba za ta rasa kasuwa mai mutum miliyan 80. A 2002 ta fito da Wave Alpha a kan kusan dong miliyan 11 a kuɗin ƙasar, ƙasa da rabin abin da aka saba biyan Honda. Ba ta iya yin haka da sassan Jafan ba. Dole ta sake zana babur ɗin, ta nemi masu ƙera salansa da sarƙa da birki da fitila da robobin jiki a kusa, ta tura injiniyoyinta su zauna da su, su nuna musu yadda ake auna ƙarfe da yadda ake rage kayan da ake zubarwa saboda aibi. Cikin 'yan shekaru masu saye suka dawo, don baburan araha sun riga sun nuna halinsu wajen lalacewa. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na sassan baburan da aka fi hawa a ƙasar a cikinta ake yin su, har ana fitar da babura waje.

Za a ce ai wanda ya ci nasara kamfanin Jafan ne, kuma da yawa daga masu kawo masa sassa rassan kamfanonin Jafan da Taiwan ne. Haka ne. Amma a ƙarƙashinsu an samu kamfanonin 'yan ƙasa da suka koyi buga ƙarfe, da zuba shi, da yin mazubin roba, da cika alkawarin kawo kaya ranar da aka ce. Wannan ilimi ba ya shiga kwantena ya tafi. Kuma kada a ɗauka gwamnati ta yi komai da hikima. A 2002 ɗin nan ta ƙayyade yawan sassan da za a shigo da su ba zato ba tsammani, har sai da Honda da Yamaha suka tsayar da aiki na wani lokaci. An yi tuntuɓe sosai. Abin da ya cece su shi ne abubuwan da suka haɗu a lokaci guda: kasuwar gida babba ce da ba wanda zai yarda ya bar ta, akwai abokin gaba da ke hura wa Honda wuta a ƙeya, sannan akwai doka mai haƙori da ta sa hanyar tsira ta bi ta masana'antun cikin gida. Da babu baburan Chaina, Honda za ta ci gaba da sayar da tsada. Da babu dokar, da ta rage farashi da sassan da ta kwaso daga Tailan.

A gwada da mota. Nan ma an sa haraji mai nauyi, an ba kamfanonin waje lasisi bisa alkawarin za su riƙa ƙara sassan gida. Amma masu iya sayen mota kaɗan ne, kamfanonin sun yi yawa a kan ƙaramar kasuwa, kuma katangar haraji ta kare su duka daga matsi. Shekara ashirin aka yi ana harhaɗa motoci masu tsada da sassan waje, kason gida na ƙananan motoci ya maƙale wajen kashi 10 cikin 100. Da harajin da ke tsakanin ƙasashen ASEAN, ƙungiyar ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya, ya koma sifili a 2018, sai motocin Tailan da Indonesiya suka kwararo.

Inda kariya ta fi yin ɓarna shi ne inda gwamnati ta zaɓi ɗanta ta ce shi zai zama gwarzo. A 1994 aka fara tattara kamfanonin gwamnati ana mayar da su manyan rukunoni, ana hangen irin abin da Koriya ta Kudu ta yi da Hyundai da Samsung. Vinashin, kamfanin ƙera jiragen ruwa, shi ne ɗan lele. A 2005 gwamnati ta ciwo bashin dala miliyan 750 a kasuwar duniya da sunan ƙasa, ta miƙa masa. Ya sake ciwo wasu miliyan 600 a 2007. Ya buɗe rassa wajen 200, wasunsu ba abin da ya haɗa su da jirgi. Ya sayo tsofaffin jirage da tsada. Da rikicin kuɗi na 2008 ya zo, masu odar jirage suka janye, sai asiri ya tonu. A 2010 bashinsa ya haura dala biliyan 4, ya kasa biyan kason farko na rancen waje a watan Disamba, darajar ƙasar wajen masu ba da bashi ta faɗi. A 2012 aka yanke wa shugabansa Pham Thanh Binh ɗaurin shekara 20.

Waɗanda suka kwaikwayi Koriya sun kwafi rabin darasin ne. Tsohon shugaban Koriya ta Kudu Park Chung-hee ya ba kamfanonin ƙasarsa bashi mai sauƙi, amma da sharaɗin su sayar a kasuwar duniya, wanda ya kasa a yanke masa. Vinashin ya samu bashin ba tare da bulalar ba. Shugabanninsa 'yan jam'iyya ne, bankunan da ke ba shi rance na gwamnati ne, masu sa masa ido kuma su ne suka naɗa shi. A irin wannan zama ba wanda zai ce a tsaya. Asarar ba ta tsaya kan biliyan huɗun nan ba. Duk kuɗin da banki ya zuba a Vinashin da 'yan uwansa, kuɗi ne da mai ƙaramar masana'antar ƙarfe a wajen Hanoi ya nema aka ce ya kawo takardar fili kafin a saurare shi.

Yanzu ga abin da ya cika kwalayen. Amurka ta ɗage takunkumin cinikin da ta sa wa ƙasar a 1994. Biyetnam ta shiga ASEAN a 1995. Yarjejeniyar ciniki da Amurka ta fara aiki a Disambar 2001, harajin da ake sa wa kayan Biyetnam ya sauko daga wajen kashi 40 zuwa ƙasa da 5, kayan da take kaiwa can suka ninka cikin shekara ɗaya. Ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Janairun 2007. Samsung ta fara ƙera waya a Bac Ninh a 2009, ta ƙara wata babbar masana'anta a Thai Nguyen bayan 'yan shekaru, har ta kai kusan rabin wayoyinta na duniya daga Biyetnam suke fitowa, a wani lokaci ma kamfani ɗaya yana ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da ƙasar ke fitarwa. Intel ta buɗe tata a Ho Chi Minh a 2010. Nike kusan rabin takalmanta a can ake ɗinka su. Da rikicin haraji ya ɓarke tsakanin Amurka da Chaina a 2018, masu yi wa Apple aiki su ma suka tsallako iyaka zuwa Bac Giang da maƙwabtanta.

Kamfanoni masu jarin waje su ke da fiye da kashi 70 cikin 100 na kayan da ake fitarwa. Kwakwalwar wayar da gilashinta da kyamararta daga Koriya da Chaina da Taiwan suke zuwa, ko kuma daga rassan kamfanonin Koriya da suka biyo Samsung suka kafa a gefenta. A 2014 kamfanonin 'yan ƙasa huɗu kacal ke sayar wa Samsung kaya kai tsaye, kuma a lokacin ne jaridun ƙasar suka yi ta kukan cewa masana'antunsu sun kasa yin ko noti da ya cika sharaɗin kamfanin. Adadin ya ƙaru zuwa gommai daga baya, Samsung ta tura ƙwararru suna horar da su, ta kuma buɗe cibiyar bincike a Hanoi a ƙarshen 2022. Ci gaba ne. Amma mafi yawan abin da 'yan gida ke kawowa kwali ne, da buga rubutu, da roba. Dalilin a fili yake in aka tuna da babur. Samsung ba don kasuwar Biyetnam ta zo ba, don haka ba abin da za a riƙe ta da shi. An ba ta fili da rangwamen haraji na shekaru, sassan da take shigowa da su don ta sake fitarwa ba a karɓar musu kuɗin fito, dokokin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kuma sun hana irin sharaɗin kason gida da aka yi wa Honda. Ba abin da ya matsa mata ta ɓata lokaci tana koya wa baƙo abin da tsohon abokin hulɗarta daga Koriya ya riga ya iya.

Tufafi ma haka. Ƙasar na fitar da na kusan dala biliyan 40 a shekara, amma audugar kusan duka daga waje take, yadin kuma mafi yawansa daga Chaina. Matsayinta kamar na telan da aka kawo wa yadi da zare da maɓalli da samfurin ɗinki, ya ɗinka a biya shi ladan hannu. Yana da aiki kullum, amma ba shi ke yanka farashin riga ba, kuma ranar da aka samu wanda zai karɓi ƙasa da nasa, mai kaya ba zai yi masa sallama ba. Abin da ya ɓace a tsakiya shi ne saƙa da rini, su kuwa suna cin jari da ruwa da wuta, suna kuma ƙazantar da kogi. Larduna da dama sun ƙi karɓar masana'antun rini, musamman bayan 2016 da dagwalon kamfanin ƙarfe na Formosa a Ha Tinh ya kashe kifi a gaɓar larduna huɗu, aka sa shi biyan diyyar dala miliyan 500. Ba na ganin laifin mutanen da suka ce ba sa so. Sai dai yarjejeniyar ƙasashen Fasifik da ta fara aiki a 2019 ta ce sai an fara daga zare a cikin ƙasashen yarjejeniyar kafin riga ta samu rangwame, ta Tarayyar Turai ta 2020 kuma ta ce daga yadi. Wato an buɗe ƙofa, amma rigar da aka ɗinka da yadin Chaina ba ta da izinin wucewa.

Akwai mai cewa wannan duk ƙorafin wanda ya ƙoshi ne. Yarinyar da ta bar gonar shinkafa ta samu albashin wata-wata a Bac Ninh, tana aika wa iyayenta, ba ta damu da inda aka yi kwakwalwar wayar ba. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba zan raina ta ba. A farkon shekarun 1990 kusan rabin jama'ar ƙasar na cikin matsanancin talauci, yau ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Ba wata ƙasa da ta fara daga sama. Koriya da Taiwan su ma da ɗinki da harhaɗa rediyo suka fara. Amma su sun yi amfani da shekarun arahar lebura suka gina kamfanoninsu, kuma lokacin yana da iyaka. Albashi na hawa a Biyetnam, haihuwa ta sauka ƙasa da 'ya'ya biyu ga kowace mace, jama'a sun fara tsufa. Bangladesh da Kambodiya sun fi ta araha a ɗinki. Samsung ta buɗe ƙatuwar masana'anta a Noida ta Indiya tun 2018. Daga Janairun 2024 kuma ƙasar ta fara karɓar harajin kashi 15 cikin 100 da aka amince da shi a duniya kan manyan kamfanoni, abin da ya rage daɗin rangwamen da ake jawo su da shi.

Misalin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa a kan Biyetnam ba shi da ƙyalli ko kaɗan, kuma ya shafe mu kai tsaye. Kashu ne. Ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyararren kashu, tana samun fiye da dala biliyan 3 a shekara, alhali mafi yawan ɗanyen da take fasawa ba ita ta noma ba. Daga Kambodiya yake zuwa, da Kodebuwa, da Gana, da Najeriya. Buhun da aka tara a Kogi ko Kwara ko Ogbomosho yana ratsa teku zuwa Ho Chi Minh, a kai shi Binh Phuoc a fasa, a ɓare, a tace, a sayar wa Amurka da Turai da Chaina. Da can da hannu ake fasawa, Indiya ce ke riƙe da kasuwar. Da lebura ya fara tsada, sai maƙeran Biyetnam suka ƙera injinan fasawa da na ɓare fata nasu, masu araha, waɗanda makaniken gari zai iya gyarawa, suna ta inganta su tare da masu masana'antun da ke amfani da su. Yanzu masu fasa kashu a Afirka ta Yamma suna sayen waɗannan injina. Ba wani ƙaton kamfanin waje a nan, ba kuma ɗan lelen gwamnati. Ƙananan 'yan kasuwa ne masu yawa da ke gasa da juna da kuma Indiya, ribarsu siririya, dole ta sa suka ƙirƙira.

Su waɗannan ne tsarin ya fi yi wa rowa. Dokar kamfanoni da ta fara aiki a 2000 ta soke lasisi barkatai, dubun-dubatar kamfanoni suka yi rajista cikin 'yan shekaru. Amma an bar su a tsakiya: baƙo yana da rangwamen haraji da fili a unguwar masana'antu, kamfanin gwamnati yana da banki, ɗan kasuwar gida kuwa yana da jami'an da ke zuwa duba takardu. Shi ya sa mafi yawansu suka tsaya ƙanana, waɗanda suka girma kuma da yawansu ta harkar filaye da gidaje suka girma, inda sanin manya ya fi sanin inji amfani. Akwai irin su Hoa Phat da suka yi ƙarfi a ƙarfe, amma ba su da yawa. A watan Mayun 2025 jam'iyya ƙarƙashin To Lam ta fitar da ƙuduri mai lamba 68, ta ce kamfanoni masu zaman kansu su ne mafi muhimmancin ƙarfin tattalin arziki. Daga bakin jam'iyyar Kwaminis wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tsorona shi ne a fassara ta da zaɓen attajirai uku ko huɗu a ba su manyan kwangiloli da kariya. VinFast mai ƙera motocin lantarki yana tafka asarar biliyoyin daloli, uwar kamfanin da mai shi ne ke cike gurbin. Yana iya yin nasara, ina ma ya yi. Amma in ya zama wanda ba a yarda ya faɗi ba, to an dawo kan Vinashin ne da wata riga.

Inda gwamnatin ta cancanci yabo ba tare da tantama ba shi ne ayyukan da ba wanda zai yi in ba ita ba. Firaminista Vo Van Kiet ya dage, duk da suka daga cikin jam'iyya, aka ja babban layin lantarki mai tsawon kusan kilomita 1,500 daga Arewa zuwa Kudu, aka kunna shi a 1994. A lokacin gida ɗaya cikin bakwai ne ke da wuta, yau kusan kowane gida. Makarantun firamare da sakandare sun yi kyau har yaran ƙasar suka zarce na Amurka da Ingila a lissafi da kimiyya a jarrabawar PISA ta 2012, wadda ke gwada ɗaliban ƙasashen duniya. A tsakiyar 2023 fari da zafi suka janyo ɗauke wuta a Arewa, masana'antun Bac Giang da Bac Ninh suka tsaya, masu jari suka yi ƙorafi da babbar murya. Zuwa Agustan 2024 an gama sabon layi mai fiye da kilomita 500 don kawo wuta daga tsakiyar ƙasar. Duk wanda ya san abin da janareta da baƙin mai suka yi wa masaƙun Kakuri da masana'antun Sharaɗa da Bompai ya san cewa rabin gasar a nan ake cin ta ko a faɗi, tun kafin a zo maganar haraji.

Tambayar wa ya ƙera abin da ke cikin kwali ta daina zama ta malaman jami'a. A Afrilun 2025 Donald Trump ya sanar da harajin kashi 46 cikin 100 a kan kayan Biyetnam, yana zarginta da zama ƙofar baya ga kayan Chaina. A watan Yuli aka daidaita a kan kashi 20, amma kayan da aka ce ratsawa kawai suka yi za su biya 40. Amurka ce babbar mai sayen kayanta, Chaina ce babbar mai sayar mata da sassa da yadi da injina, kuma ba ta da halin ɓata wa ko ɗaya. Mai masana'antar kujeru a Binh Duong ko mai ɗinkin riguna a Nam Dinh yanzu dole ya zauna da takardunsa ya lissafa kashi nawa na kayansa aka yi a gida, don jami'in kwastan a Los Angeles zai tambaya.